Sama'ilu Mai Garaya da Injin Zarto

In ka ce Sama'ilu masinja, tsofaffin ma'aikatan Kazaure kaɗai ne za su gane wanda kake nufi. Amma in ka ce Sama'ilu mai garaya, har maharban Roni da na ƙauyukan Babura za su nuna maka ƙofar gidansa, ko da yake bai taɓa kaɗa garaya a gaban jama'a ba. Shi dai sassaƙa ta yake yi, ya ɗaura fata, ya ja tsarkiya, ya miƙa wa mai ita.

A Gwiwa aka haife shi. Mahaifinsa masassaƙi ne, mai turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Sama'ilu yana ɗan shekara goma sha biyu wani maharbi ya kawo garayarsa da ta tsage a gyara masa. Tsohon ya ce shi ba ya taɓa kayan kiɗa, ya jefar da ita bayan rumbu. Kwana uku Sama'ilu yana juya ta yana leƙa cikinta, a rana ta huɗu ya ɗauki gizago ya sassaƙa wata sabuwa da guntun icen da ya rage daga turmi. Ba ta yi kyau ba, amma ta yi magana. Tun daga ranar hannunsa bai rabu da gizago ba.

Da ya girma wani kawunsa ya samo masa aikin masinja a Kazaure. Shekara talatin yana yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan a kan keke, in ya taso da yamma ya tuɓe kaki, ya shiga rumfar kwanon da ya kafa a ƙofar gida. Nan yake yin garaya da molo, wani lokaci gurmi ko goge in an roƙe shi.

Kowa ya san shi da ƙyanƙyami. Ba ya shan ruwa a moɗar masallaci, da tasa yake yawo a aljihun babbar riga. Ba ya taɓa icen aiki sai ya wanke hannu. Hancinsa kuwa abin tsoro ne: a rufe masa ido a miƙa masa ɓawon ice, ya shinshina ya ce maka wannan maɗaci ne, wannan ɗorawa, wannan kuma an sare shi da ɗanye. Matarsa Tasalla ta sha cewa in miya ta kwana, tun daga bakin titi Malam yake sani.

Bayan ya yi ritaya da shekara shida kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi wahala. Fafe cikin garaya ba shi ne matsalar ba, wannan aikin lallaɓawa ne. Abin da ke kayar da shi shi ne raba gungume biyu da fitar da siffar ƙoƙon garayar. Aikin da yake gamawa a wuni ɗaya ya koma mako guda, kuma in ya yi shi sai Tasalla ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi.

Abokinsa Peter ne ya kawo maganar inji. Peter kafinta ne, mutumin kudancin Kaduna, ya fi shekara ashirin a Kazaure yana yin ƙofofi da bencin makaranta, yana kuma gyara jitar cocinsu in ta lalace. Jitar ce ma ta haɗa su, ranar da Sama'ilu ya tsaya ya tambaye shi yadda ake lanƙwasa katako haka ba tare da ya karye ba.

“Baba, kana kashe kanka a banza,” in ji Peter. “Akwai injin zarto na tsaye. Na yi aiki da shi a Kaduna lokacin ina koyon sana'a. Zarton kamar ɗamara yake, yana zagaya taya biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kai dai tura icen za ka yi. Gungumen da kake kwana bakwai a kansa, kafin shayi ya huce ka raba shi.”

“Yana bin lanƙwasa?”

“In ka sa masa siririn zarto, har da'ira zai yanka maka. Faffaɗan kuma na tsaga gungume ne, mai manyan haƙora jefi-jefi, don ya riƙa fitar da gari.”

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce kada ya yarda da fenti. In ya je saye, ya buɗe murfin sama da na ƙasa, ya juya tayoyin da hannu ya ji ko suna rawa, ya tabbata akwai roba a bakinsu, ya danna teburin da ƙarfi ya ga ko zai lotsa. Suka yi za su tafi Kano tare ranar Asabar. Ana gobe Asabar ɗin aka bugo wa Peter waya cewa yayansa ya rasu, ya kwashi iyali ya tafi gida, ya ce sai bayan mako biyu.

Sama'ilu ya kasa haƙuri. Tasalla ta ce, “Malam, da ka jira shi.” Ya ce shi da ya shekara hamsin yana aikin ice ba sai an riƙe masa hannu a kasuwa ba.

Ya tafi Kano shi kaɗai. A layin masu sayar da injuna ya wuni yana tsaki. Shagon farko sababbi ne fil a kwali, amma da ya ɗora tafin hannu a teburin ɗaya ya danna, sai ya lotsa kamar murfin gwangwanin madara. Ya goge hannu a riga ya fita. A na biyu ya sami tsoho mai nauyi, tsatsa ta cinye tayar ƙasa har ta huje. Mai shagon ya rantse masa cewa ɗan mai kawai yake so. Sama'ilu ya wuce gaba.

Wajen la'asar, ƙafa ta gaji, ya faɗa shagon wani da ake kira Alhaji Maikasuwa, kakkauran mutum mai fara'a, ga turaren wuta yana tashi a kasko. Ya ba shi kujera, ya kira shi Baba Malam, ya saurari bukatarsa yana gyaɗa kai. Sannan ya yaye wani buhu. Injin ya kai tsayin mutum, kore shar, sai ƙamshin sabon fenti yake.

“Na Turai ne wannan, Baba Malam. Jikokinka ma za su gaje shi.”

Sama'ilu ya danna teburin, ko gezau. Ya buɗe murfin sama, ya juya tayar, tana tafiya sumul. Bai ga roba ba, ya tambaya. Alhaji ya ce ai na zamani ba sa bukatar roba. Ya sunkuya zai buɗe murfin ƙasa, ya ji shi gam.

“Fenti ne ya kama shi, jiya aka fesa. In ka ɓamɓare yanzu za ka ɓata masa kwalliya. Ka bar shi ya bushe, da kansa zai buɗe.” Ya ɗauko zarto uku a naɗe ya ɗora a kai. “Waɗannan kyauta ne, don girmanka.”

Aka jona wuta, injin ya tashi da wata murya mai daɗi. Sama'ilu ya saya. Aka ɗaure shi a bayan akori-kura, ya zauna kusa da shi har Kazaure yana riƙe da igiyar.

Tsakiyar bazara ce, kwanon rumfa yana zafi kamar tanda. Kwana biyu injin yana tsaye kafin mai gyaran wuta ya zo ya ja masa waya. A kwana na biyun Sama'ilu ya fara jin wani abu a iska, ya zagaya bayan rumfa yana neman mushen ɓera, bai samu ba. Ya lura ƙudaje sun yi yawa, manya koraye, amma ya ɗora laifin a kan kwatar maƙwabta.

Yana da gungumen alilliba guda ɗaya da ya yi shekara shida yana ajiya. Daga gonar mahaifinsa a Gwiwa aka saro shi, kuma ita ce bishiya ta ƙarshe irinta a wajen. Alilliba ba ta da nauyi, ba ta tsagewa, kuma tana da amo. Ya lissafta garaya huɗu a cikinsa. Da ya yi niyyar gwada injin da wani guntun darbejiya, sai zumuɗi ya ɗebe shi, ya ce abu mai kyau da abu mai kyau ake buɗe shi. Ya yi bismillah, ya kunna, ya tura gungumen.

Zarton ya shiga da ihu. Bai yi taku ɗaya ba ya fara kaucewa layin da aka ja da gawayi, hayaƙi ya tashi, icen yana ƙonewa. Sama'ilu ya ƙara turawa yana zaton hannunsa ne bai saba ba. Sai ya ga wani baƙin abu mai yauƙi yana biyo zarton daga ƙasa, yana shiga cikin tsagar, yana fantsama a kan teburin, a hannunsa, a gaban rigarsa, har ɗigo ɗaya a leɓensa na sama.

Warin ya buge shi a lokaci guda. Ƙarni ne da ɗoyi a haɗe, irin na mahauta da aka rufe aka manta da ita. Ya kashe injin, ya ɗauko kurfi da guduma, ya ɓalle murfin ƙasa.

Cikin akwatin cike yake har rabi da daskararren kitse da garin ƙashi, ya yi baƙi ya yi kore, zafin rumfa da na injin sun narkar da samansa yana tsiyaya. Ɓawon kifi ya manne a jikin tayar kamar an yi mata ado. Ga kwanson tsutsa ja-ja birjik a kowane lungu, ga kuma masu rai, farare, suna motsi a inda ya yi laushi. Wanda ya yi fentin ko sharewa bai yi ba, a kan ƙazantar ya fesa, har an ga inda koren fenti ya hau kan wani guntun ƙashi.

Sama'ilu bai kai bakin kwata ba ya fara amai. Tasalla ta fito da gudu, ta tsaya cak a ƙofar zaure, ta ja mayafi ta toshe hanci.

“Innalillahi! Malam, me ka kawo mana gida?”

Ya yi wanka sau uku a ranar, ya goge leɓensa da toka har ya yi jini. Rigar kuwa da kansa ya haƙa rami ya binne ta.

Da Peter ya dawo, kallo ɗaya ya yi wa injin daga nesa ya dafe kai.

“Baba, wannan ai na yanka ƙashi ne da daskararren kifi. Dubi teburin, zamewa yake yi gaba da baya, don a tura cinyar saniya. Shi ya sa ba roba a tayar, don a riƙa wanke ta da ruwa.” Ya ɗaga ɗaya daga cikin zartunan kyauta da tsinke. “Wannan haƙoransa a miƙe suke, ba su buɗe hagu da dama ba. A ice dole ya cije ya ƙone. Na ce maka ka buɗe ƙasa.”

“Ka faɗa,” in ji Sama'ilu.

Peter ya ce a gwada wankewa, wataƙila a yi masa dabara. Shi ya ɗaure hanci da tsumma ya kwashe kitsen da shebur ɗin kwasar shara, bokiti biyu. Suka zuba tafasasshen ruwa da omo, suka bi da toka, suka bi da kananzir, Tasalla ta ba da lemon tsami kwano guda. Ƙarfen ya yi fes a ido. Amma da rana ta take, warin sai ya sake fitowa daga cikin kusoshi da ramukan da hannu ba ya kaiwa. Karnukan unguwa suka mayar da ƙofar gidan wurin zama. Maƙwabcin da suke gaisawa shekara ashirin ya aiko a tambaya cikin ladabi ko akuya ce ta mutu.

Gungumen alilliba ya fi komai ci masa rai. Yankan ya karkace ya ɓata duka ɓarin biyu, kitsen kuma ya tsotsu cikin naman icen. Ya sa gizago ya fafe wurin, ya shinshina, yana nan. Ya ƙara fafewa, yana nan. Da ya ga ko jakin da ake ɗora tsarkiya a kai ba zai fita da tsabta ba, ya mirgina shi zuwa madafa.

“A'a, Malam,” in ji Tasalla. “Ba zan dafa tuwon da za mu ci da wannan ba.”

A bola ya ƙare.

Suka koma Kano shi da Peter. Sun tarar da Alhaji Maikasuwa yana cin gurasa da tsire, ya yi musu maraba kamar 'yan'uwa, har ya tura musu takardar naman. Sama'ilu ya kau da kai. A tsaye ya faɗi abin da ya gani, bai ɗaga murya ba.

Alhaji ya suɗe yatsa. “Baba Malam, me ka ce in ba ka? Injin zarto. Zarto ne ko ba zarto ba?”

“Na ce maka ice zan yanka.”

“To abin da ya yanka ƙashi, ice zai gagare shi? Ai ƙashi ya fi ice tauri.”

“Alhaji, ka san abin da ke ciki,” in ji Peter. “Shi ya sa ka liƙe murfin.”

“Ni ban buɗe ba. Yadda ya zo haka na sayar. Kaya kuma in ya fita shago ya fita.”

Sama'ilu ya yi tambayar da ta hana shi sukuni tun ranar. “Naman me aka yanka da shi?”

Alhaji ya yi dariya har tumbinsa na rawa. “Wa ya sani? Can inda ya fito ai ba abin da ba sa ci.”

Ta ƙofar baya Sama'ilu ya hango wani mutum tsugune yana fesa koren fenti a jikin wani injin, ƙudaje suna tashi suna sauka. Daidai lokacin ladan ya kira azahar, Alhaji ya miƙe ya ɗauki buta, ya ce su zo su yi salla tukuna, zance ba ya ƙarewa. Sama'ilu ya dube shi daga hula har takalmi, ya tofar da yawu a bakin shagon, abin da bai taɓa yi wa kowa ba a rayuwarsa. Sai da suka yi tafiya mai nisa ya sami wani masallaci ya yi sallarsa, Peter yana jiransa a inuwa.

A mota Peter ya ce a kai ƙara wurin shugabannin kasuwa. Sama'ilu ya ce in aka kai ƙara dole ya sake zama wuri ɗaya da mutumin nan, ya sake kallon bakinsa mai maiƙo, shi kuwa ya gama.

Labari ya bazu a Kazaure. Wani mahauci ya zo har gida yana so a sayar masa da injin, ya ce shi daidai bukatarsa ke nan. Sama'ilu ya ce ba da hannunsa za a yanka abin da mutane za su ci da wannan abu ba. Peter ya roƙe shi ya bari a cire motar injin, don lafiyarta ƙalau kuma ba ta taɓa kitsen ba. Ya ce ko ƙusa ɗaya ba za ta kwana a gidansa ba. 'Yan gwangwan ya kira, ya tsaya a kansu suka farfasa shi da guduma a gabansa kafin su loda a kura. Bayan sun tafi ya sa aka kankare ƙasar rumfar aka zuba sabon yashi.

Duk daminar bai yi aiki ba. Maharba suka zo suka koma. Tasalla ta daina sayen kifi, don ko a maƙwabta aka soya sai ya tashi daga kan tabarma.

Bayan an yi girbi Peter ya zo da labarin wani tsohon kafinta a Kanya Babba, Malam Abdulnasir, wanda idonsa ya yi rauni ya daina aiki, yana da injin zarto na ice a ɗaki. Sama'ilu ya ce ba ya so. Peter ya yi ta zuwa har sau uku, a na huɗun ya zo da babur ya tsaya a ƙofa ya ƙi kashewa.

Injin Malam Abdulnasir ƙarami ne, fentinsa ya koɗe, ƙafa ɗaya an tallafe ta da bulo. Bayan gaisuwa Sama'ilu ya durƙusa, ya buɗe murfin ƙasa, ya cusa kansa ciki gaba ɗaya. Mutanen gidan suka yi tsaye suna kallon dattijo da hula a hannu, kai a cikin inji. Ya daɗe a haka. Garin katako ne a ciki, da tsohon gidan zanzaro.

“Maɗaci ka yanka da shi na ƙarshe,” ya ce da ya fito.

“Ƙofar masallacinmu,” in ji Malam Abdulnasir. “Shekara huɗu ke nan.”

A ranar Sama'ilu ya sayi injin. Robar tayar sama ta tsattsage, Peter ya ce wannan aikin rabin wuni ne da tsohon tiyub na babur. Zarto kuwa wannan karon tare suka je saye. Sama'ilu ya ɗaga kowanne a rana yana duba haƙoran ko sun buɗe hagu da dama, ya bi wurin da aka yi waldar haɗin da babban yatsa. Guda biyar ya mayar saboda haɗin yana da tudu, har mai shagon ya fara ƙunƙuni. Ya ɗauki biyu: faffaɗa mai faɗin yatsa biyu don tsaga gungume, da siriri kamar igiyar takalmi don ƙoƙo da jaki.

Da guntun darbejiya ya fara gwadawa. Zarton ya bi layin gawayi tiryan-tiryan, gari mai ɗumi yana zuba a ƙafarsa. Bai yi murmushi ba, ya dai ce, “To.”

Yau shekarunsa sittin da tara. In an kawo wuta da safe ya yanka abin da zai yanka, in an ɗauke ya zauna da gizago yana fafe ciki, don wannan ba injin da zai yi masa. Yana fitar da garaya biyu a wata, wani lokaci uku. Ranar Alhamis Peter yake zuwa da katakonsa ya yanka wuyan jita, kuma kusan kullum sai sun yi faɗa, saboda Peter yana gamawa yake kakkaɓe wando ya hau babur ya bar gari a ƙasa. Sama'ilu ya bi shi har titi da tsintsiya a hannu yana kiran sunansa, shi kuwa ya ɗaga hannu ya ce sai wani makon.